Mako na biyar: kwafin ko-ta-kwana na rumbun bayanai, da abin da ya sami haruffanmu masu ƙugiya

Ƴan'uwana masu koyo, ina yi muku sallama daga Yamai. A rahoton da ya gabata na shaida muku cewa na gama ɗora tarin karin magana da tatsuniyoyin da na daɗe ina rubutawa daga bakin tsofaffi a Tawa da kewayenta cikin rumbun bayanai na MySQL. Wannan makon kuwa duk ya tafi ne a kan yadda zan riƙa ɗaukar kwafin rumbun, domin saba ɗin da nake haya a kanta (kwamfutar da ke riƙe da rumbun a intanet) ta haɗaka ce, wato tamkar gidan haya mai ɗakuna da yawa: kowa da ɗakinsa da makullinsa, amma rijiya ɗaya ce, kuma mai gida ne ke ƙayyade guga nawa kowa zai ja.

Na fara da hanya mafi sauƙi, wato fitar da rumbun ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbu daga burauza, da ke cikin cPanel, shafin da ɗan haya ke kula da ɗakinsa a saba. Ana cikin sauke fayil ɗin aka ɗauke wuta a unguwarmu, intanet ya yanke, ni kuwa da na ga fayil yana zaune a kwamfutata sai na ɗauka aiki ya kammala. Sai bayan kwana biyu na buɗe shi na tarar ya tsaya a tsakiyar wata tatsuniya, gizo bai ko kai gidan sarki ba. Ga rumbu mai girma akwai wata matsalar kuma, domin PHP, harshen da phpMyAdmin ke gudana da shi, kan zo da iyakar daƙiƙa 30 ga kowane aiki da iyakar megabait 2 ga fayil ɗin da za a ɗora, sai dai idan an sauya su, kuma ɗan haya ba kullum yake da ikon sauyawa ba.

Daga nan na koma ga mysqldump, umarnin MySQL na fitar da kwafin rumbu, wanda ke gudana a kan saba ɗin kanta, ba ruwansa da ƙarfin intanet ɗina. Karon farko ya yi mini ƙorafin cewa ba ni da iznin PROCESS. Dalili shi ne tun daga MySQL 5.7.31 da 8.0.21, waɗanda suka fito a 2020, ana neman wannan izni kafin a karanta wasu bayanai na ma'ajiyar tebura, kuma ba a saba ba wa ɗan haya shi ba. Ƙara --no-tablespaces ya kawar da ƙorafin. Na kuma ƙara --single-transaction domin kwafin ya fito daidai da yadda rumbun yake a lokaci guda ba tare da an kulle tebura ba, amma ku lura cewa wannan yana amfani ne ga teburan InnoDB kaɗai, ban da na MyISAM (waɗannan nau'o'i biyu ne na ajiyar tebura a MySQL).

Inda na fi shan wahala, kuma inda nake roƙon ku tsaya ku duba naku, shi ne tsarin haruffa. Umarnin da na fara amfani da shi na kwafo shi ne daga wani tsohon darasi na Faransanci, kuma a cikinsa akwai latin1. Wannan tsari yana ɗauke da é da è da ç ba tare da wata tangarɗa ba, shi ya sa wanda ke rubutu da Faransanci zai iya shekara bai ga aibinsa ba, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a cikinsa. Da na mayar da kwafin cikin XAMPP, manhajar da ke kwaikwayon saba a kwamfutata, domin gwaji, sai na ga fassarar Faransancin da ke cikin rumbun tana nan lafiya lau, Hausar kuwa ta cika da alamar tambaya: «ƙasa» ta zama «?asa», «baƙi» ya zama «ba?i», «ɗan'uwa» ya zama «?an'uwa». Abin takaicin shi ne duk haruffan huɗu sun koma alama iri ɗaya, saboda haka babu wata dabarar na'ura da za ta dawo da su, sai dai mutum ya zauna ya bi kalma bayan kalma. Da a ce asalin rumbun ya salwanta a wannan mako, da aikin shekaru ya koma haka. Maganin bai wuce rubuta --default-character-set=utf8mb4 ba. Tsohon utf8 na MySQL, mai iyakar bait 3 ga kowane harafi (bait ma'aunin wurin ajiya ne), shi ma yana riƙe haruffanmu tunda bait 2 kowannensu ke ci, amma utf8mb4 ne cikakke, kuma ban ga dalilin tsayawa a rabin hanya ba.

Saura sanya aikin ya riƙa gudana da kansa ta hanyar cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara mata. A nan ma na yi tuntuɓe, domin na saka kwanan wata a sunan fayil da date +%F, alhali cron yana ɗaukar alamar % a matsayin ƙarshen layi idan ba a sa mata \ a gaba ba. Dare biyu babu abin da aka ajiye. Agogon saba ɗin kuma yana kan UTC, wato agogon GMT, mu a Nijar muna gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe 2 da na rubuta ƙarfe 3 na dare ne a nan. Kalmar sirri na cire ta daga layin umarni na sa ta cikin fayil ɗin .my.cnf mai izni 600, wato ni kaɗai ke iya karanta shi, sannan na sa gzip ya riƙa matse kwafin yana ajiye shi ba cikin public_html ba, babban fayil ɗin shafukan da ake gani a intanet, domin abin da ke cikin wannan wuri duk wanda ya gano sunansa zai iya sauke shi.

Kwafin da ke kan saba ɗaya da asalinsa bai ishe ni kwanciyar hankali ba, tunda wutar da ta ci ɗaki ba ta barin akwatin da ke ƙarƙashin gado. Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar nakan sauke na ƙarshe, in duba ko layinsa na ƙarshe yana ɗauke da «Dump completed on», in mayar da shi cikin XAMPP, in nemi kalmar «ƙwarya» in ga ta fito da ƙugiyarta, sannan in kwafe shi a kile na USB. Abin da ya rage mini a mako mai zuwa shi ne umarnin da zai riƙa share kwafin da ya haura kwana 14, domin wurin da aka ba ni ya fara cika. Duk wanda ya riga ya gwada haka da umarnin find, mai neman fayiloli, a saba ta haɗaka, ina neman ya nuna mini yadda ya rubuta nasa kafin in taɓa nawa.