Abin da aikin laburare ya koya mini game da ma'aikata

A shekarun da na yi ina aiki a wani laburare a cikin birnin Kano, na fahimci cewa sayen littattafai da kwamfutoci ya fi sauƙi, nesa ba kusa ba, a kan samun mutumin da zai kula da su, ya ƙware, kuma ya zauna ya daɗe.

Masu takardar shaida ba su yi ƙaranci ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da ilimin laburare tun 1968, Jami'ar Bayero a nan Kano tana yaye ɗalibai a wannan fanni, kuma akwai hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista wadda aka kafa da dokar 1995. Sai dai takarda ba ta nuna ko mai ita zai iya da masu karatun Kano. Mai zuwa wurinmu yana iya kasancewa ɗalibi mai shirin jarrabawar JAMB, ko malamin Islamiyya mai neman sharhin wani littafin fiƙihu, ko mai bincike da yake bin diddigin waƙoƙin Ajami. Idan babu wanda ya iya Larabci a cikin ma'aikata, littattafan Larabci sukan zauna a kwali ba tare da lamba ba, har gara ta riga masu karatu isa gare su. Saboda haka, a ganina, ranar tantance masu neman aiki ya kamata a miƙa wa kowa littafin boko da na Larabci, a ce ya fitar da lambarsu bisa tsarin Dewey na rarraba littattafai fanni-fanni, sannan a lura da yadda zai karɓi dattijon da ya shigo bai san sunan littafin da yake nema ba.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na lokacin ɗaukar ma'aikata. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, don haka ranar tafiyar kowa sananniya ce tun da wuri. Duk da haka, sau da yawa sai kujera ta zama wayam ake tunanin maye gurbi. Abin da tsohon ma'aikaci ya sani kuwa, yawancinsa ba a rubuce yake ba. Shi ya san iyalan da suka ba da wani tarin littattafai sadaka da sharaɗin da suka gindaya, shi ya san shekarun da suka ɓace a cikin ɗaurin tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi kuma ya san littafin da ba a ba da aronsa domin babu wani kwafinsa. Babu kwas ɗin da zai koyar da wannan. Sai an zaunar da sabo kusa da tsoho na tsawon shekara ɗaya ko biyu, wannan yana koya masa tarihin abin da ke kan kantoci, shi kuma yana nuna wa dattijon yadda ake shigar da bayanan littafi a manhaja irin Koha.

Riƙe wanda aka horar ya fi wuya. A jami'o'i ana lissafa ƙwararrun ma'aikatan laburare cikin malamai, kuma TETFund, hukumar asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, tana ɗaukar nauyin ƙaro karatu a manyan makarantun gwamnati, alhali na laburaren jama'a da na sakandare suna kan albashin ma'aikata na gama-gari. Matashin da ya samu dama ya koma jami'a, ban ga laifinsa ba, domin yana da iyali. Amma shugaban laburare yana da abin yi ko da ba shi ne ke yanka albashi ba. Yana iya bin takardun ƙarin girma har su fito a kan lokaci, ya sa hannu a hutun ƙaro karatu ba tare da ja-in-ja ba, ya danƙa wa matashi sashe guda, kamar na yara ko na rubuce-rubucen hannu, ya bar shi ya tsara shi. Haka kuma dole ya ƙi yarda a riƙa turo masa ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi a wasu ofisoshi, domin wanda ya yi shekara huɗu yana karatun wannan fanni yana gani, kuma daga ranar yake fara neman wani wurin.