Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maƙalar Okada

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun rabu a inda na samu gurbin karatu bayan dogon jira, na fara sammakon kama danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, daga Agege zuwa makaranta. Yau kuma zan kawo muku labarin aikin farko da ya shiga tsakanina da barci, har ya so ya shiga tsakanina da Yayana.

Akwai kwas ɗin Turanci da ake wajabta wa duk ɗan aji ɗaya, ko lissafi ya zo karanta ko aikin jarida. Malamar da ke ɗaukarmu dattijuwa ce Bayarabiya, ba ta ɗaga murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka gyara zama. Wajen tsakiyar zango, a ƙarshen 2022, ta ce kowa zai rubuta maƙala wadda zai ɗauki matsaya a cikinta kan wani al'amari da ake jayayya a kai, ya kare matsayar da bincike har mai karatu ya gamsu. Ta ce tana son ta ga matsayar a jimla guda tun a sakin layi na farko. Duk maganar da mutum ya kawo wadda ba tasa ba, sai ya faɗi inda ya samo ta, wanda kuwa ya kwaso rubutun wani daga intanet ya liƙa sunansa, ya faɗi kwas ɗin ke nan ba sai an yi dogon zance ba. Sharaɗinta na ƙarshe shi ne wanda ya fi tsaya mini a rai: dole ka kawo hujjar wanda bai yarda da kai ba, kuma ka kawo ta da ƙarfinta, yadda in shi mai ita ya karanta zai ce lallai haka nake nufi.

'Yan ajinmu da yawa sun zaɓi batun kafofin sada zumunta ko na kayan makaranta. Ni tun kafin ta rufe baki na san abin da zan rubuta, domin abin yana kwana a zauren gidanmu. Mashin ɗin Yaya ne, Boxer baƙa, wadda ya karɓa a hannun wani Alhaji yana biyan balas.

Waɗanda ba su zauna Legas ba, bari in ɗan warware muku. A ranar 18 ga Mayu, 2022, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sanar da haramta okada, wato abin da ake kira acaɓa a gida, a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuni. Ranar 1 ga Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Agege ba ta cikin jerin, amma Ikeja maƙwabciyarmu ce, kuma can fasinjan kuɗi yake, masu zuwa kasuwar wayoyi da ma'aikatan da ke tsoron makara. An ce har fasinjan da aka kama a kan mashin zai fuskanci hukunci, babura da aka ƙwace kuma murƙushe su ake yi. Yaya ya koma zagaye a lungunan unguwa, inda mahaya suka fi fasinja yawa. Balas bai ragu ba, tikitin ƙungiya bai ragu ba, abin da yake miƙa wa Inna da daddare ne ya ragu.

Matsayar da na rubuta a saman takarda ita ce: gwamnatin Legas ta maye gurbin haramcin okada da rajista da sa ido mai tsanani, domin haramci yana kora mahaya ne daga wannan titi zuwa wancan, buƙatar da ta haifar da su kuma tana nan inda take. Malama ta karanta, ta ce jimlar ta tsayu, saura in nuna mata ƙafafun da take tsaye a kai.

A laburaren makaranta da kuma wayata na bi diddigin dokokin. Abin da na gano ya ba ni mamaki, domin ni a Legas aka haife ni amma ban taɓa jera su a gabana ba. A 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, dokar zirga-zirga ta hana okada bin tituna 475. A 2018 aka yi sabuwar dokar gyara harkar sufuri. Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, aka hana okada da keke Napep a yankuna 15 da manyan tituna irin su Agege Motor Road da babban titin Legas zuwa Abeokuta, kuma wannan karon har kamfanonin da ake kiran mashin ɗinsu ta waya, irin su Gokada da MAX, abin ya shafa. Sai kuma na 2022. Wannan jerin kaɗai ya zama hujjata ta farko. Idan an hana abu a 2012, aka sake hana shi a 2020, aka kuma hana shi a 2022, to akwai abin da ke dawo da shi, kuma wannan abin ya kamata a duba. Mutumin da ke zaune a ƙarshen titin da ruwa ya cinye, wanda danfo ba ya shiga, da me zai fito bakin hanya? Manyan bas-bas na BRT da suka fara aiki a 2008 manyan hanyoyi suke bi. A lokacin da nake rubutun jirgin ƙasa na cikin gari bai ma fara ɗaukar fasinja ba, shuɗin layin sai a Satumban 2023 ya fara, jan layin da ya ratsa ta Agege kuma sai 2024.

Sai na waiwaya Arewa. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. An hana babura a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram. An hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. Na so in ce waɗannan dokoki suna cikin abin da ya turo matasa Kudu da baburansu. Malama ta ja layi a ƙarƙashin maganar ta rubuta a gefe: wa ya faɗa?

Nan aikin ya yi nauyi. Jaridu cike suke da bakin kwamishinoni da na 'yan sanda da na shugabannin ƙungiyoyi, amma shi mahayin da ke kan mashin daga asuba zuwa dare da wuya ka ji an tambaye shi daga ina ya zo, me ya kawo shi. Ana maganarsa kullum, ba a magana da shi. Na tambayi Malama ko hira tana iya zama madogara. Ta ce tana iya zama, muddin na nemi izinin mutum, na rubuta ranar da wurin, ban kuma ƙara masa abin da bai faɗa ba.

Baba bai so ba da farko. Ya ce, "Auta, 'ya mace a tashar 'yan okada da littafi a hannu? Za su ɗauka gwamnati ce ta aiko ki." Sai da Yaya ya ce zai tsaya a kaina sannan ya amince. Muka tafi bayan la'asar wata mahaɗa da suke taruwa kusa da mai shayi. Da farko kowa ya ɗaure fuska, sai da na yi alkawarin ba zan rubuta sunan kowa ba. Wani dattijo mai furfura a gemu ya ce, "'Yata, rubuta. Ni a Maiduguri na fara wannan sana'a. Da aka hana na koma Kano, da aka hana a Kano na taho nan. Yanzu in an kore ni, teku ce a gabana." Wani saurayi daga Zamfara ya ce shi manomi ne, 'yan bindiga suka hana su zuwa gona, mashin ɗin da yake hawa kuɗin shanun mahaifinsa ne na ƙarshe. Akwai wanda ya ce shi cirani kawai yake zuwa, damina ta faɗi ya koma. Na tambaye su ko za su yarda a yi musu rajista da hoto da zanen yatsa, a ba kowa riga mai lamba, a tsare shi a unguwa guda. Yawancinsu suka ce sun yarda, in dai wanda ya yi rajistar za a bar shi ya nemi abincinsa.

Ina rubuta maganarsu da Hausa, da daddare in mayar da ita Turanci a hankali, ina tsoron kada in yi wa wani ado ko in rage masa. Waɗannan shafuka su ne abin da na fi alfahari da shi a duk maƙalar.

Saura hujjar ɗaya ɓangaren. Ta gwamnati tana da sauƙin samu. A Janairun 2020 Kwamishinan Yaɗa Labarai Gbenga Omotoso ya ce daga 2016 zuwa 2019 an samu haɗurra fiye da 10,000 na okada da keke a manyan asibitocin jihar kaɗai, mutum fiye da 600 suka rasu. Akwai kuma batun fashi da ƙwacen waya a kan babur, da taron dangin da wasu mahaya kan yi wa direba in an yi karo. Haramcin 2022 ma ya biyo bayan kisan wani matashi ne a Lekki, wanda aka zargi wasu 'yan okada da aikatawa. Duk na rubuta su ban sassauta ba.

Amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi a tsakar gidanmu na ji ta. Ina zaune ina rubutu Inna tana tankaɗe, sai ta ce, "Auta, ke kina rubuta a bar su su hau babban titi, ni kuma ranar da aka hana har sadaka na yi." Na ɗago na dube ta. Ta ce tun ranar da Yaya ya fara wannan sana'a ba ta taɓa jin ƙarar waya da rana ba gabanta bai faɗi ba. Ta tuna mini ɗan maƙwabtanmu da aka kwantar a asibitin ƙashi na Igbobi wata da watanni, ya fito da sanda. Ta ce gara a ci tuwo ba nama da a kawo mata ɗa a makara. Ban iya ce mata komai ba. Na sa maganarta a maƙalar da izininta, a matsayin mahaifiyar wani mahayi.

Amsar da na bayar a rubuce ita ce, tsoron Inna gaskiya ne, kuma shi ya sa ake buƙatar tsari. Mahayin da ke gudun kamu ya fi kowa ganganci, shi ne mai bin hannun da ba nasa ba, shi ne mai tsallake danja. Na kawo misalin Kigali, babban birnin Ruwanda, inda mahaya ke sanye da riga mai lamba, da hular kwano ta mahayi da ta fasinja. Na kuma yarda a fili cewa an taɓa gwada tilasta hular kwano a Najeriya a farkon 2009 abin bai ɗore ba, don haka tsarin da nake kira a yi ba zai yi aiki ba sai da jami'an da ba a saye su a bakin titi. Na amince manyan tituna da gadoji su ci gaba da zama a rufe ga okada. Wannan rangwamen daga bakin Inna na ɗauko shi.

Inda muka saɓa da Yaya shi ne batun ƙabila. Da na fassara masa abin da na rubuta, ya ce, "Duk kin zagaye gaskiyar. Don mu 'yan Arewa ne ake mana haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Na san abin da yake ji. Na sha jin yadda ake kiran duk mai mashin da aboki cikin raini, ni ma an sha yi mini kallon da ban so ba in na yi Hausa a mota. Sai dai dokar ba ta ambaci ƙabila ba, kuma akwai Yarabawa da Ibo da yawa da ta raba da abincinsu. Na ce, "Yaya, abin da ka faɗa zan sa shi a matsayin abin da mahaya suke ji, da bakinku. Amma ba zan rubuta shi a matsayin abin da na tabbatar ba, domin wadda za ta karanta Bayarabiya ce, ajin ma yawanci su ne. In na fara da zarginsu, ba wanda zai kai shafi na biyu, kuma ni so nake su kai wajen maganar dattijon nan na Maiduguri." Ya tashi ya fita bai amsa ba. Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Har yau ina ganin daidai na yi, shi ma har yau yana ganin na yi sanyi.

Ranar miƙawa NEPA ta ɗauke wuta tun dare, mai kafen intanet na unguwarmu kuma janaretonsa ya ƙi tashi. Yaya ne ya fito da mashin ba tare da na roƙe shi ba, ya bi da ni ta lunguna har wani shagon buga takardu, ya jira aka buga, sannan ya sauke ni inda zan samu danfo, daidai iyakar da ba ya iya wucewa.

Bayan mako biyu Malama ta dawo da takardun kowa ban da tawa. Ta ce in same ta a ofis. Da na je na tarar da ita da wata 'yar ajinmu wadda ta rubuta tata maƙalar a kan a haramta okada a duk faɗin jihar, ashe okada ce ta kaɗe mahaifiyarta a Oshodi. Malama ta ce mu biyu za mu tsaya gaban aji ranar Alhamis, kowa ta kare abin da ta rubuta. A daren ranar kuma Alhajin da ya ba Yaya mashin ya aiko cewa yana son ganinsa da Baba.

Yadda muka kwashe da yarinyar nan a gaban aji, da abin da Alhaji ya ce, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.