Talata a Mile 12: kuɗin Hajiya ya maƙale

Motocin albasa daga Aliero sun iso kasuwar Mile 12 ta Legas da asuba, har hantsi ba mu zauna ba.

Wajen ƙarfe goma Hajiya mai sayar da abinci a Agege, wadda ta daɗe tana ciniki da Kawu, ta ware buhu biyu ta miƙo kati. Na'urar POS ta yi ta juyi, can ta fito da rasit cewa kuɗi bai shiga ba. Ko jaka ba ta rufe ba sai ga alat a wayarta, an cire kuɗin kaf. Hannunta har rawa yake. "Alhaji, duba, an cire! Jarina ke nan gaba ɗaya." Kawu ya nuna mata asusunsa, ko sisi bai shigo ba.

Irin wannan ne ke raba mutanen kirki. Kowa gaskiyarsa yake faɗa, kuɗin kuwa yana tsakanin bankuna, kuma bankin da ya ba ta katin shi ne zai nemo mata, ba mai kaya ba.

Na roƙe ta kada ta yar da rasit ɗin. Na ɗauki hotonsa nan take, don rubutun wannan siririyar takarda gogewa yake, musamman in ta sha zufa a lalita. A jikinsa akwai lambar RRN, wato lambar shaidar cinikin, da kwanan wata da lokaci, su ne ma'aikatan banki ke bin sawu da su. Na gaya mata tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan matsala ta POS cikin awa 72, kuma ta tabbata an ba ta lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce shiru, tana da ikon kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Abin da ke ci mini rai, awa 72 ba komai ba ne ga mai albashi, amma mai tukunya da cinikin yau take cefanen gobe. 'Yan dako da yawa kuwa sai dai su ce sun bar wa Allah, don ba wanda ya taɓa gaya musu haƙƙinsu ne.

Kawu ya ce, "Hajiya, ɗauki buhu ɗaya, in sun dawo da kuɗin kya biya." Na rubuta a littafin bashi. Bayan La'asar ta kira, ta cike fom, an ba ta lamba. Juma'a zan kira ta in ji, in bai dawo ba tare za mu koma bankin.