Saƙo na tafiya, bidiyo na tsayawa: ƙofofin da za a buɗe a rautar ofis

A sakatariyar ƙaramar hukuma, asibitin ƙauye, makarantar sakandare ko ofishin ƙungiyar manoma a yankin Ringim, Gumel, Bichi ko Rano, taro da hedikwata yanzu ya koma ta Zoom, Teams ko Google Meet. Kukan kuwa iri ɗaya ne ko'ina. Saƙon rubutu na shiga nan take, imel na buɗewa, amma da an shiga taron bidiyo sai murya ta riƙa yankewa, hoto ya daskare, ko ka riƙa jin mutane su ba sa jin ka. Sai a ce ai sabis ne, a canja layi, a ƙaro data. Sau da yawa matsalar na cikin rauta, na'urar raba intanet da ke maƙale a bangon ofis, a dokokin fayawol, wato mai gadin da ke tace abin da zai shiga ko ya fita, waɗanda aka rubuta tun ranar da aka kafa ta.

Dalili shi ne rubutu da murya ba hanya ɗaya suke bi ba. Rubutu, hotuna da shafukan intanet suna bin tsarin aika bayanai mai suna TCP, galibi ta ƙofa ta 443 (ƙofa, wato port, lamba ce da ke bambanta irin zirga-zirgar da ke wucewa ta rauta). TCP kamar mai awon hatsi ne da ba ya zuba kwano na gaba sai mai saye ya ce ya karɓi na farko. In wani ya zube a ƙasa, sai an tsaya an sake awo. Ga takarda wannan daidai ne, don ba a so ko harafi ɗaya ya ɓata. Murya kuwa ba ta jira. Kalmar da ta iso bayan daƙiƙa biyu ba ta da sauran amfani, shi ya sa manhajojin taro ke tura murya da bidiyo ta wani tsarin mai suna UDP, wanda ke wucewa ko da ɗan guntu ya faɗi a hanya. Idan fayawol ya toshe UDP, manhajar ba za ta fito ta faɗa maka ba. Za ta lallaɓa ta koma TCP 443, taron ya haɗu, amma da jinkiri da yankewa. Wannan ne ke ruɗa mutane, don a ido komai na aiki.

Yadda ake toshe UDP ɗin ma sananne ne. Mai kafa rauta yana so ya hana ma'aikata cinye data da kallon YouTube da TikTok, sai ya rubuta doka ɗaya mai jefar da duk wani UDP in ban da ƙofa ta 53 ta DNS, mai juya sunan shafi zuwa adireshinsa. Niyyar mai kyau ce, amma dokar ta haɗa har da taron ofis ta rufe.

Ga lambobin. Kowace manhaja tana buƙatar TCP 443 a buɗe, wasu har da 80. Bayan wannan, Microsoft Teams yana son UDP 3478 zuwa 3481, zuwa adireshin 52.112.0.0/14 da 52.122.0.0/15. Zoom yana son UDP 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810, da kuma TCP 8801 da 8802. Google Meet yana son UDP 3478 da 19302 zuwa 19309. Masu asusun Workspace, wato asusun Google na ma'aikata, suna fita ta 74.125.250.0/24, masu Gmail na yau da kullum ta 142.250.82.0/24. Kiran WhatsApp, wanda a gaskiya shi ne aka fi dogara da shi a ƙauyukanmu, yana amfani da UDP 3478, saƙonninsa kuma TCP 443 da 5222. Lambobin ƙofa ba su cika canjawa ba, amma kamfanonin kan sabunta jerin adireshinsu, saboda haka a ƙaramin ofis ya fi sauƙi a buɗe bisa lambar ƙofa kawai.

Duk waɗannan na fita ne, daga cikin ofis zuwa waje. Ina jaddada wannan domin akwai masu zuwa sashen tura ƙofa (port forwarding) a rauta su buɗe 3478 daga waje zuwa wata kwamfuta ta ciki. Ba a buƙatar haka ko kaɗan. Kwamfutarka ce ke fara magana, rauta kuma tana riƙe da lissafin wanda ya fita, ta bar amsarsa ta shigo. Ƙari a kan haka, layukan waya na 4G da Starlink na gida yawanci suna sa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje. In ka duba adireshin da rautarka ta samu ka ga ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to tura ƙofa ba zai yi aiki ba ko ka yi shi.

A rauta ƙirar MikroTik, ka buɗe Winbox, manhajar saita ta, ka shiga IP, Firewall, Filter Rules. Ƙara doka mai chain=forward, protocol=udp, dst-port=3478-3481,8801-8810,19302-19309, action=accept. Sannan ka ja ta da linzami zuwa sama da dokar da ke jefarwa. Rauta tana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya a kan ta farko da ta dace, don haka doka mai kyau da ke ƙarƙashin mai toshewa tamkar babu ita ce. Ka tabbata dokar da ke karɓar established da related na nan a can sama, ita ce ke barin amsa ta dawo. Ka lura da ginshiƙin Packets na sabuwar dokar: da an fara kira ya kamata lambar ta motsa daga sifili. In ba ta motsa ba, wata doka ta tare ta a sama.

Idan ofishin na da wayar tebur mai bin intanet, a kashe SIP ALG, wani saitin rauta da ke sa hannu a bayanan kiran irin wannan waya. A MikroTik yana ƙarƙashin Service Ports, a TP-Link da ire-irenta yana sashen NAT. Shi ne kan jawo a ɗaga waya amma gefe ɗaya kawai ke ji. Wanda ke aiki da VPN na hedikwata, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke bi da zirga-zirgar ofis ta hedikwata, shi kuma ya nemi a cire zirga-zirgar taro daga cikinsa, don kada murya ta zagaya wani gari kafin ta isa.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita, UDP 123, ta daidaita agogo. A inda wuta ke yawan ɗaukewa, tana da muhimmanci ƙwarai. Rautoci da yawa ba su da batirin agogo, tsofaffin kwamfutocin tebur kuma ƙaramin batirinsu CR2032 ya daɗe da mutuwa. Wuta na dawowa sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardar shaidar tsaro ta Teams ko Zoom ta ƙi karɓuwa, a kasa shiga gaba ɗaya. A buɗe 123, a canja batirin, a kuma ɗora rauta a kan batirin sola ko inbata don kada canjin janareta ya yanke taro.

To an buɗe ƙofofi, saura faɗin hanya. Bidiyon mutum biyu mai kyau a Teams yana son gudun kimanin 1.5 Mbps hawa da sauka, wato kusan MB 675 na data a awa ta kowane ɓangare. Murya kaɗai ba ta kai 100 kbps ba. A ƙauye saurin saukewa kan yi kyau, na turawa ne ke ƙaranci, kuma shi ne ke ɗauke da muryarka. Waya ɗaya da ke loda hotunan biki a ɓoye ta isa ta shaƙe shi. Maganin shi ne a auna saurin turawa da rana tsaka lokacin cunkoso, a sa iyaka a Queues, sashen rabon gudu na MikroTik, kimanin kashi 80 cikin 100 na abin da aka samu, a ba kwamfutar taro fifiko. Amma a sani, dokar FastTrack da ke zuwa da MikroTik don hanzarta zirga-zirga tana tsallake Queues; in ba a kashe ta ko an keɓe wannan kwamfuta daga cikinta ba, iyakar ba za ta yi tasiri ba. Kwamfutar taron kuma a ja mata waya Cat6, wadda ke kai mita 100, maimakon Wi-Fi da ke fama da bangon bulo da kwanon rufi.

Kada a jira ranar taro kafin a gwada. Kwana ɗaya kafin nan a kira wani a Dutse ko Kano na minti goma, a buɗe Statistics a saitin Zoom ko Call health a Teams. Ma'aunin da Microsoft ya bayar shi ne jinkirin zuwa da dawowa ƙasa da 100 ms, rawar lokaci (jitter, wato sauyawar jinkirin) ƙasa da 30 ms, asarar guntaye ƙasa da kashi 1 cikin 100. A lokaci guda a buɗe Connections a Winbox a nemi adireshin kwamfutar. In an ga layin udp zuwa 3478 ko 8801 yana ta ƙirga, fayawol ya fita daga zargi, sai a koma kan eriyar da ke kamo sabis ɗin 4G: a ɗaga ta a kan dogon ƙarfe sama da rufi, ta fuskanci turken sabis, a juya ta a hankali har RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina, ya fi -100 dBm kyau, wato lambar ta ƙara matsowa kusa da sifili.