In an ba ka shugabancin matasa, ka koyi jan mutum gefe

Ƙannena da aka zaɓa cikin shugabancin zumuntar matasa ko kwaya a bana, musamman ku na wajen Sabon Tasha, Narayi, Ungwan Boro da Romi a Kaduna inda majami'u suka cika maƙil da matasa, akwai abin da ba a cika gaya mana ba ranar da aka kira mu gaba aka yi mana addu'ar keɓewa. Ana koya mana tsara shiri, rubuta rahoto, tara kuɗin taro, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda za ka yi ranar da wani a ƙarƙashinka ya ba ka kunya. Kuma ranar tana zuwa, ko ba jima ko ba daɗe.

Lokacin da nake jagorar kwaya muna da wani yaro mai buga mana kibod, hannunsa na da kyau sosai. Ana gab da Kirsimeti sai ya fara tsallake koyon waƙa, in ma ya zo sai an kusa tashi, ido jawur. Ban kira shi ba, ban je gidansu ba. Na shiga gurup ɗinmu na WhatsApp na rubuta dogon saƙo da sunansa a ciki, har da aya a ƙasa, ranar Lahadi kuma bayan sujada na tsayar da shi gaban ƴan kwaya duka na ce na dakatar da shi. Bai yi musu ba. Ya naɗe wayar kibod ɗin a hankali ya sa a jaka, ya ce "to yaya, na gode", ya fita. Daga baya wata mama a zumuntar mata ta tare ni a bakin get ta ce, ɗana, ka san baban yaron nan yana kwance da shanyewar ɓarin jiki? Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, tun da masaƙun suka rufe gidan bai sake tsayawa da ƙafarsa ba, yaron keke yake ja daga yamma har dare don ya kai wa mai keken balas ya sayi magani da abin da ya rage. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake zama a kujerar kibod ɗin nan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ya fi damuna shi ne na san Matiyu 18:15 zuwa 17, na ma taɓa koyar da ita. Yesu ya jera matakan ne ɗaya bayan ɗaya: ka fara zuwa wurin ɗan'uwanka ku biyu kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai in hakan ya ƙi ne maganar za ta kai gaban ikilisiya. Ni daga na ƙarshe na fara. Kuma ku lura da dalilin da ya bayar a aya ta 15, cewa in ya saurare ka to ka samo ɗan'uwanka ke nan. Mutumin ake nema. Ni kuwa a ranar, gaskiya, so nake ƴan kwaya su ga shugabansu ba ya wasa.

Ku duba Akila da matarsa Bilkisu a Ayyukan Manzanni 18. Afolos ya zo Afisa, mutumin Iskandariya, ga baki ga sanin Nassi, yana wa'azi da zafi amma baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Ba su miƙe a tsakiyar majami'a sun gyara masa ba, jan shi gefe suka yi suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, ga shi daga baya ya zama babban taimako ga masu bi a Akaya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Na san wani zai ce to ai Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban kowa a Antakiya, Galatiyawa 2. Haka ne, da wannan ma na kare kaina a lokacin. Amma Bitrus manzo ne babba, abin da ya yi kuma a fili ya yi shi, ya janye daga cin abinci da al'ummai, masu bi da ba Yahudawa ba, har ya ja wasu, har Barnaba abokin aikin Bulus ya bi sahu, wato ainihin bishara ce abin ya taɓa. Haka 1 Timoti 5:20 ma, da ta ce a tsawata wa masu zunubi a gaban kowa, ka koma aya ta 19 za ka ga zancen dattawan ikilisiya ake yi, kuma sai da shaidu biyu ko uku. Ba a rubuta waɗannan don yaron da ya makara koyon waƙa ba.

Shi Barnaba ɗin ma akwai darasi a kansa. A tafiyarsu ta farko ta wa'azi shi da Bulus, Yahaya Markus da ke taimaka musu ya bar su a Bamfiliya ya koma Urushalima, da za a sake fita Bulus ya ce ba za a tafi da shi ba, gardama ta yi zafi har suka rabu, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka yi Kubrus. A 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin nan da bakinsa yake cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Da kowa ya yanke masa hukunci da tafiyar farko fa?

Don haka in wani ya fara ɓacewa, kar ka taɓa gurup tukuna, saƙon da mutum 60 suka karanta ba ya gogewa ko ka danna gogewa. Ka kira shi, in da hali ka tako har gida, don abin da za ka gani a tsakar gidan ba zai faɗa maka a waya ba. Ka fara da tambaya, lafiya kwana biyu, ya jikin su baba, ya makaranta, sannan ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. In mace ce kai kuma namiji, kar ka je kai kaɗai, ka roƙi ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta raka ka. In ta kai ga ɗaukar mutum na biyu, ɗauki wanda shi mai laifin yake jin nauyinsa, ba abokinka da zai tare maka faɗa ba.

Sa mutum a horo kuma ba aikin shugaban matasa ba ne, na fasto da dattawa ne. In abin ya shafi kuɗin ikilisiya ko cutar da ƙaramin yaro ko yarinya, wannan kar ka riƙe shi kai kaɗai da sunan rufin asiri, ka kai musu a ranar.