Ranar da na yi wa baƙo ƙaurin suna

Ban daɗe da fara aiki ba aka ce in rubuta jawabin gabatar da wani babban baƙo da Turanci. Na lura kalmar famous ta fito sau uku a shafi guda, sai na ɗauko littafin nan na kalmomi masu ma'ana kusa da juna, na zaɓo notorious saboda ta fi cika baki. Shugabar sashenmu ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "Malam, me bawan Allahn nan ya yi maka?" Ashe notorious ba shahara ba ce, ƙaurin suna ne, irin na ƙasurgumin ɓarawo.

Abin da ya fi ba ni haushi, da Hausa ba zan taɓa yin wannan ɓaranɓaramar ba. Tun ina yaro na san mutum rasuwa yake yi, akuya ce ke mutuwa. Na san siririya yabo ne, ramammiya kuwa sai a tambayi lafiyarta. Amma da na shiga Turanci sai na ɗauka duk kalmomin da aka jera a layi ɗaya tagwaye ne. 'Yan gida ɗaya ne dai, kowa da halinsa. Ka ce wa mutum slim ya yi murmushi, ka ce masa skinny ya ɓata rai. Childlike zuciya ce fes irin ta yara, childish kuma ƙuruciya ce a jikin mai gemu.

Daga baya na gano inda wannan cunkoso ya samo asali. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, malamai kuma suka yi ta ɗibar kalmomi daga Latin. Shi ya sa abu ɗaya kan sami suna uku. Ask ta kowa da kowa ce, question ta ɗan ɗaure fuska, interrogate kuwa sai an kai ka gaban 'yan sanda. Shi ma Peter Mark Roget, likitan da ya fitar da irin littafin da ya jefa ni a rami a 1852, tara kalmomi ya yi bisa dangantakar ma'ana don ya tuna wa marubuci wadda ta kwanta masa. Bayanin bambancinsu aikin ƙamus ne, ni ne ban buɗe ba.

Akwai kuma batun abokan tafiya, wato kalmomin da suka saba zuwa tare, wanda har gobe yake ba ni wuya. Mu ruwa mai ƙarfi muke cewa, su heavy rain, alhali iska strong wind ce. Kuskure kuma make ake yi masa, ba do ba. Babu dalili, haka kunnensu ya saba, kamar yadda mu muke shan iska, mu sha wahala, ba kofi ba ludayi.

Yanzu idan na ci karo da sabuwar kalma, jimlolin misali nake fara karantawa kafin ma'anar, in ga wa ke faɗinta, kuma wa ake gaya wa. Jawabin nan kuwa, famous ɗin muka mayar sau uku, kuma ba wanda ya ce uffan.