Ƙiba ta wuce matsalar mutum ɗaya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta, kuma tun daga 1990 yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu. Abin da ya yaɗu haka ba kwaɗayin mutum ɗaya ba ne. Abinci ne ya sauya, tallansa ya yi ƙarfi, zama wuri ɗaya ya yawaita, don haka dole hukuma ta shigo ciki.

A fara da awo. Ana raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai samu kusan 31. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 an shiga cuta. Amma wannan lissafi ba ya bambanta tsoka da kitse, kuma ba ya nuna inda kitsen ya taru. Shi ya sa awon kewayen tumbi ya fi faɗin gaskiya: a zagaya tef tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba tare da tsuke ciki ba. Namiji da ya haura santimita 102, ko mace 88, yana cikin haɗari babba, domin kitsen tumbi shi ke taruwa a hanta da kewayen hanji, ya hana insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, aiki, ya buɗe ƙofar ciwon sukari da hawan jini.

Wajen haraji kan lemon kwalba ake yawan kuskure. Meziko ta sa peso ɗaya kan kowace lita a 2014, sayensa ya ragu. Sai dai harajin da ke bin lita ba ya ba kamfani dalilin rage sukari, kuma hauhawar farashi na cinye shi idan ba a sabunta ba. Birtaniya a 2018 ta bi yawan sukarin ne, mataki biyu: giram 5 da giram 8 cikin mililita 100. Kamfanoni da dama suka rage sukari tun kafin dokar ta fara aiki. A ganina wannan tsari ya fi, saboda yana taimakon har wanda bai sauya abin da yake sha ba.

Asibitoci kuma su daina jira sai ciwon sukari ya bayyana. Rage kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyi, tare da tafiyar sauri ta minti 150 a mako, na rage haɗarinsa sosai. Ga mai kilo 90, kilo 4 da rabi zuwa 6 da 'yan kai ke nan.